Hoton Ƙarshe Na Gida Ne

"Karkata shi hagu! Hagu na ce, ko kunnen naka ma sai an kwance an yi masa gyara?"

Makaniki, ɗan layinmu da ke taya ni ɗauka, ya saki gefensa ya share gumi da bayan hannu. "Baba Kafinta, wannan abin ba zai shiga ba. Ka auna akwati, ka manta ba ka auna ƙofa ba."

"Ni na kafa ƙofar nan tun kana rarrafe. Ɗaga."

Ya ɗaga, muka karkata, akwatin ya shige da ƙyar bayan ya kankare fentin bango. Katako ne mai kauri, na shafa masa banish, na sa masa kwaɗo, mutum uku za su zauna a kai ba matsi. Muka dire shi a tsakar gidan maƙwabcina Tsaya-haka, shi kuwa yana zaune a kujerarsa ta roba, ƙafafunsa da suka kumbura suna kan matashi, yana kallonmu kamar mun kawo masa raƙumi.

'Yarsa ta fito daga ɗaki da jaka a kafaɗa. Injiniya muke ce mata a layin, saboda aikin kwamfuta take yi a wani babban kamfani mai nisa da mu.

"Baffa, wannan fa?"

"Ba ke kika ce a waya za ki zo da abin da zai haɗiye duk kayan ɗakin can ba? To, na yi masa mazauni. Abu mai daraja ba a barinsa a ƙasa."

Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta toshe baki da wuyan hannunta. Kafaɗunta suka fara rawa. Da ta samu numfashi sai ta buɗe jakarta ta ciro wata 'yar takarda a ninke, ta warware ta a tafin hannu. Wani ɗan baƙin abu ne a ciki, bai kai farcen ƙaramin yatsana ba.

"Ga shi, Baffa. Memori ne, a cikinsa za a zuba hotunan."

Makaniki ya zauna a ƙasa don dariya. Tsaya-haka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. Ni ban yi ba. Na buɗe baki zan kawo musu wata karin magana da ta dace da wurin, Tsaya-haka ya ɗaga hannu.

"Don girman Allah ka riƙe ta. Na sha su shekara da shekaru, yau ka bar ni in huta."

Na riƙe ta. Na ce a bar akwatin a nan, ban ɗauko shi don in mayar ba.

Bari in gaya muku ko wane ne Tsaya-haka. Mai hoto ne. Shagonsa yana kallon rumfar aikina, gidansa kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu, in ya yi atishawa matata kan ce masa sannu. Sunan ya samo shi ne daga bakinsa. Zai tsayar da kai gaban labulensa mai zanen gidan sama da jirgi, ya gyara maka haɓa, ya daidaita maka kafaɗa, ya koma bayan kyamara ya ce, "Tsaya haka!" Sai ka tsaya har wuyanka ya sage. Sau ɗaya yake latsawa. In ka ƙifta ido, to haka za ka zauna a bangon gidanku da ido a rufe har jikokinka su gani. Ba mugunta ba ce. A zamanin da ya koyi aiki, fim ɗin da ake sa wa kyamara ƙidayayye ne, kowane latsi ɗaya ya tafi ba ya dawowa, kuma ubangidan da ya koya masa yakan ja masa kunne in ya ɓata ko guda. Wannan tsoron ya zauna masa a jini.

Kuma bai taɓa zubar da fim ko ɗaya ba. In ya wanke ya ba ka hotonka, baƙin fim ɗin sai ya naɗe a takarda ya jefa a kwali. Kwali ya cika a ɗora wani, har ɗakin baya ya cika daga ƙasa zuwa rufi. Ni na yi masa kantocin, na ƙara, na sake ƙarawa. Duk wanda ya taɓa zama a layinmu yana cikin ɗakin nan: wanda ya gama makaranta, wanda ya sayi keke, wanda zai yi tafiya, jariran da yanzu suke da furfura. Bai rubuta sunan kowa ba. Komai yana kansa.

Da wayoyi masu hoto suka zo, shagon ya mutu a hankali, shi ma jiki ya fara ja da baya. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya gajarce, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya huta a hanya. Ga damshi ya shiga ɗakin baya, gara ta fara cin kwalayen ƙasa. Shi ya sa Injiniya ta ɗauki hutu ta taho.

Washegari ta kafa kayanta a kan tebur a inuwar tsakar gida: kwamfuta da wata na'ura mai murfi da ake shimfiɗa fim a ciki, haske ya bi ta ƙarƙashinsa, sai ga hoto ya fito a gilashin kwamfutar fes, kamar jiya aka ɗauka. Daga nan ya wuce cikin ɗan baƙin abin nan. Ni nake ɗauko kwalaye, in kakkaɓe, in miƙa. Ta kuma ajiye wayarta kusa da bakin ubanta.

"Baba, hoto ba suna ba shi da amfani. Duk wanda ya fito, ka faɗi ko wane ne, da abin da ka tuna a kansa. Muryarka ma ciki za ta shiga, kusa da hoton."

Ya dubi memorin a gefen kwamfutar ya daɗe. "Har da murya?"

"Har da murya."

"To, kunna."

Hoto ya fito, wani mutum riƙe da keke.

"Mai gyaran rediyo. Ya rasu. Kashe."

"Baba, shi ke nan?"

"Na gaba."

Wata mace da yara biyu.

"Matar direba. Sun tashi. Kashe."

Haka aka yi ta yi. Mutumin da na sani da surutu, wanda in ya zauna a bencin rumfata sai ya hana ni jin ƙarar zartona, ya koma yana ƙirga kalmomi kamar ana yankar su daga namansa. Da ya faɗi biyu ko uku sai ya nuna wayar da yatsa a kashe. In ta yi jinkirin kashewa ransa ya ɓaci.

"Kina barinta tana ci a banza!"

"Baba, ba ta cin komai. Dubi nan." Ta nuna masa wani dogon layi a kwamfutar, da ɗan shuɗi a farkonsa. "Wannan shuɗin shi ne abin da muka zuba. Duk farin nan wuri ne."

"Zane ne. Ni ma na iya zane, ga jirgi can a labule, ya taɓa tashi?"

Ta yi masa bayani iya bayani. Ta ce lokacin da take makaranta akwai wani faifai da ake sa wa kwamfuta, faɗinsa kamar tafin hannu, hoto ɗaya mai kyau ya isa ya cika shi. Ta ce kafin nan ma na'urar ajiyar kanta sai an ware mata ɗaki. Ta ce a wurin aikinta akwai zauruka masu sanyi cike da na'urori jere kamar kantocinsa, ajiyar mutanen da ba su san juna ba, kuma duk bayan 'yan shekaru abin sai ya ƙara ƙanƙancewa, cikinsa ya ƙara faɗi. Har ana binciken yadda za a riƙa zubawa a cikin ɗan gilashi ya daɗe bai lalace ba.

Ya saurare ta tsaf, don yana alfahari da ita. Da ta gama ya ce, "Duk abin da yake da baki yana da gindi, yarinya. Na gaba."

Akwai wani gwangwanin biskit ja a kanta ta can sama, wanda tsatsa ta ci murfinsa. Ran da na sauko da shi tare da wasu kwalaye, ya hango shi a hannuna daga inda yake zaune.

"Mayar. Wannan sai ƙarshe."

Na mayar. Na ga yadda Injiniya ta bi gwangwanin da ido har na shige da shi.

Da rana tsaka, ubanta yana barci, ta tsallako rumfata. Ta zauna a benci tana wasa da ɓawon katako. Na ci gaba da kankare ƙafar tebur, don na san mai magana a ciki ba a matsa masa.

"Baffa, hotunan mahaifiyata ne a gwangwanin can, ko?"

"Su ne."

Uwarta ta rasu tana 'yar ƙarama, ko tafiya ba ta gama iyawa ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Tsaya-haka bai sake aure ba, ya raine ta da taimakon matata da 'yar'uwarsa, kuma mai hoton da ya cika bangon kowa da hotuna bai rataye na matarsa ko ɗaya ba.

"Hoto ɗaya na taɓa gani nata, na katin aiki, fuska a ɗaure," in ji ta. "In na tambaye shi sai ya ce mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta. Shi ke nan. Ban san yadda take dariya ba. Ban san ko tana da faɗa ba. Na zaci da na kawo kayan nan zai buɗe baki." Ta karya ɓawon katakon gida biyu. "Baffa, kwalayen da suka rage ko rabi ba mu ci ba. Kai ma kana jin numfashinsa. Jiya likita ya ja ni gefe. Ba za mu kai ƙarshe ba."

"Kin gaya masa?"

"Ni zan dubi Baba in ce masa haka?"

Gaskiyarta. Wannan ba maganar 'ya ba ce. Na ajiye kayan aiki na wanke hannu.

Na same shi ya farka, yana kallon igiyar shanya. Na jawo kujera na zauna gabansa, na ce da Injiniya ta ba mu wuri.

"Kai, wace irin rowa ce wannan? Yarinya ta baro aikinta ta zo, kana yi mata magana kamar mai aika saƙon waya. Me uwarta ta yi maka da ba za ka buɗe gwangwanin nan ba?"

Ya harare ni. "Kai da ka san komai, ka manta yadda nake aiki?"

"Tuna mini."

Ya numfasa, ya jira ƙirjinsa ya lafa. "In na sa sabon fim, ina ɗaukar mutane ina lallaɓawa, ba na ɓata ko ɗaya. Don me? Don in rage na ƙarshe. Na ƙarshe ba na sayarwa ba ne, na gida ne. In rufe shago in shigo, duk abin da na same ta tana yi, in latsa. Ba na ce mata tsaya haka. Ita kaɗai ce ban taɓa ce wa ba." Ya nuna ɗakin baya da haɓa. "In na wanke sai in yanke na ƙarshen in jefa a gwangwani. Abin da ke ciki ke nan."

Na tuna. Na sha jin ihunta ta katanga, tana cewa ya bari ta gyara ɗankwali tukuna.

"To, yanzu ma haka ne," ya ce. "Mutanen nan amana ce, sai na sallame su. Amma in na saki baki a kansu, ɗan abin can ya cika, ina zan sa ta? Maganarta da yawa, Kafinta. Ban taɓa yinta ba, tana nan a tare. Wuri nake rage mata."

Sai a lokacin na gane. Ashe ba gudunta yake yi ba, tattali yake yi mata. Ni kuwa me zan ce? Ɗan baƙin abin nan ni ma ban yarda da shi ba, shaida ga akwati nan a tsakar gida. Amma yarinyar ba ta taɓa yi mini ƙarya ba tun tana zuwa rumfata tana tsintar guntayen katako. Na ƙwala mata kira.

"Zo nan. Ki bar mini zancen layi da shuɗi. Ki ɗauka akwatin can shi ne memorinki. Abin da kika zuba zuwa yau, ina ya kai?"

Ta yi ɗan tunani. "Hotunan duka, har da waɗanda ba mu taɓa ba, ba za su wuce kaurin yatsu biyu daga ƙasa ba."

"Muryarsa fa?"

"Murya ba ta da nauyi, Baffa. Duk abin da ya faɗa zuwa yau, ko cikin cokali bai kai ba."

"In ya yi ta zuba ba tsayawa?"

"Ko zai shekara yana magana ba dare ba rana, ba zai cika shi ba."

Na tsallaka rumfa na dumtso garin katako a hannu. Na sa ita da Makaniki, wanda ya leƙo jin hayaniya, suka jawo akwatin har gaban kujerar. Na buɗe murfin, ƙamshin sabon katako ya taso. Na zuba ɗan garin a kusurwa ɗaya, ya yi wani ɗan tsibi abin tausayi a cikin wannan fili.

"Leƙa."

Ya leƙa.

"Ka ga wannan? Na ma yi maka ƙari. Duk surutun da ka yi tun da aka fara ke nan. Sauran kuwa wurin matarka ne. Ka san ni, ban taɓa yi maka awon ƙarya ba."

"Ban da ƙofa," in ji Makaniki.

"Kai, fita."

Ya fita yana dariya. Na juyo kan abokina, na rage murya, amma ban tausasa ta ba, don ba a yi ni da hakan ba.

"Saurara. Fim ɗin da kake tsoron ya ƙare ba wannan ba ne. Abin nan ba zai cika ba. Kai ne kake ƙarewa. Ni na ji numfashinka ta katanga, likita ma ya ji, 'yarka ta ji. In ka ce sai ka sallami duk layin nan kafin ka zo kanta, to da maganarta za a binne ka, yarinyar nan kuma ta zauna da hoton katin aiki."

Injiniya ta juya baya. Shi kuwa ya daɗe yana kallon ɗan tsibin nan a kusurwar akwati. Na zaci zai zage ni. Sai ya ce, "Bakinka bai taɓa yin daɗi ba, ko sau ɗaya."

"Ban ce yana yi ba."

"Sauko da shi."

Murfin ya ƙi buɗuwa sai da na sa masa bakin kurfin da nake sassaƙa da shi. Ciki cike yake da 'yan guntayen fim, kowanne hoto ɗaya. Injiniya ta jera su a na'urar. Ta kunna wayar ta ajiye. Na miƙe zan ba su wuri, ya ce in zauna, ai ni ma an sha zagina a ciki.

Na farko ya fito. Tafin hannu ne kawai ya rufe kusan duk hoton, da ɗan zobe, ta tsakanin yatsu ana hango ido ɗaya yana dariya.

"Wannan satin da muka tare ne. Ta ce in na ƙara nuna mata wannan abin sai ta jefa shi a rijiya."

Injiniya ta ɗaga hannunta ta kara kusa da gilashin. Yatsun iri ɗaya ne, har da ɗan karkacewar ƙaramin.

Na biyu, tana tsaye a kan bokitin da aka kife, tana ɗaura ƙwan lantarki.

"Ni tsoron wuta nake ji, ita ce mai gyaran gidan nan. Tana can sama tana ce mini, mai gida guda, riƙe mini bokiti kada ka suma."

Na uku, ta fito a guje da takalmi ɗaya a hannu, tana bin akuya, a bakin akuyar kuma ga yankin labule.

"Akuyar wannan mutumin ce," ya nuna ni. "Ta cinye fiffiken jirgina. Uwarki ta bi ta har cikin rumfarsa, ta wanke shi tas, ya rasa karin maganar da zai kare kansa."

"Ƙarya kake yi, na samu. Ba ta bar ni na ƙarasa ba ne."

Injiniya tana dariya tana share ido, kuma ta toshe baki da wuyan hannu. Ubanta ya tsaya yana kallonta.

"Haka take yi. Daidai haka. Tun kina ƙarama in kika yi sai in fita waje."

Ranar bai ce a kashe ba ko sau ɗaya. Ya faɗi yadda take waƙa tana wanki, muryar ba daɗi amma ba mai hana ta. Ya faɗi yadda take fushi, ba ta magana, sai dai ta share gidan sau biyu da ƙarfi. Ya faɗi abin da suka yi faɗa a kai da wanda ya fara ba da haƙuri. In numfashi ya yanke sai ya tsaya, a ba shi ruwa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Hotuna suka yi ta wucewa: ga ta da ciki tana ɗinki a bakin ƙofa, ga ta da jaririya a kafaɗa tana hamma, ga ta tana riƙe da hannuwan yarinya tana koya mata tsayuwa. Sai wani ya fito, igiyar shanya ce kawai, ba kaya a kai, ba kowa.

Ya tsura wa igiyar ido. Mu ma haka.

"Bayan rasuwarta na shigo da kyamara kamar kullum," ya ce. "Hannuna ne ya latsa."

Na bayansa, yarinya ce zaune a cikin baho tana dukan ruwa. Na bayansa ma ita ce, da jakar makaranta da ta fi ta girma. Har ƙarshen abin da ke gwangwanin ita ce.

"Baba, ban san kana ɗaukata ba."

"Ai na ƙarshe na gida ne."

Daga ranar aka kasa tsayar da shi. Aka koma kan kwalaye, amma yanzu mai gyaran rediyo ya samu labarinsa, matar direba ta samu nata. Mutanen layi suka ji, suka fara shigowa da rana, kowa yana neman nasa. Makaniki ya ga ubansa da gashi cike da kai, ya ce ƙarya ne, wannan ba shi ba ne. Matata ta ga kanta tana budurwa, ta ce a rufe kafin jikoki su gani, amma ba ta matsa daga gaban gilashin ba. Ni ma na fito, ido a rufe. Na ce masa ya cuce ni, ya ce ni na ƙifta. Tsakar gidan nan ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, shi yana tsakiya da ƙafafu a kan matashi, yana gyara wa kowa tarihi.

Ba mu kai ƙarshe ba, kamar yadda yarinyar ta faɗa. Wata safiya da hantsi, ana cikin aiki, ya ce ya ɗan gaji, a bar shi ya rintsa. Na koma rumfa ina buga ƙafar kujera. Ban daɗe ba ta leƙo ta ƙofa ta ce, "Baffa." Yadda ta faɗa ya ishe ni. Na same shi a kujerarsa, kai ya ɗan karkata, hannu ɗaya a kan cinya, fuskarsa a sake kamar wanda aka gama ɗauka aka ce ya huta. Kafin rana ta yi sanyi mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa.

Kwalayen da suka rage, mu tsofaffin layi muka zauna muka faɗi waɗanda muka sani. Wasu ba wanda ya gane su, suna nan a ciki ba suna, wuri bai ƙare musu ba.

Kafin ta koma aiki, Injiniya ta juye komai gida uku. Ta ce shi ma memorin yana tsufa ya mutu, sai ana sauya masa mazauni lokaci zuwa lokaci, don haka ɗaya yana wurinta, ɗaya a wurin aikinta, ɗaya ta sa mini a waya ta nuna mini inda zan latsa. Akwatin kuwa, ta sa kyamararsa a ciki, da jan gwangwanin, da labulen mai jirgi a ninke. Ta ce ya zauna a wurina, can ba damshi. Makaniki ne ya taya ni fitar da shi, ya sake kankare fentin. Matata ta zo da tsumma za ta goge garin katakon da ke kusurwa, na ce ta bar shi.

Yana rumfata yanzu, a kai nake zama in na gaji. Wani lokaci in latsa wayar in ji shi yana zagin akuyata. Amma wanda na fi saurara shi ne na safiyar ƙarshe, don yarinyar ba ta kashe ba da ya ce zai rintsa. Yakan ce, "Wannan mai sayar da ƙanƙara ne, bari in huta in gaya muku yadda ya faɗa kwata." Daga nan ba magana. Sai ƙarar kujerar roba, da tsuntsaye a kan katanga, da numfashinsa yana shiga yana fita a hankali. Can nesa, ta tsallaken layi, ana jin gudumata tana sauka a kan ƙusa.